Ranar da Mota Ta Tsaya da Gawar Kakanku

Salamatu ce ta sa na zauna rubuta wannan, ko da yake ita ba ta sani ba. Ta dawo daga bikin wata ƙawarta a Manchester, ta shigo falo ko takalmi ba ta cire ba, ta tsaya a kaina tana tambayata da Turancinta na Birmingham ko gaskiya ne abin da wata tsohuwa ta faɗa mata a wajen cin abinci. Wai tsohuwar ta ƙare mata kallo, ta ce ashe ke ce 'yar Seidu bakanike, wanda ya lalata motar ƙungiya har gawar surukinsa ta wuni a gefen titi. Na dubi 'yata, na ga ba neman faɗa take ba, tsoro take ji kada amsar ta zama e. Raina ya ɓaci a ranar irin ɓacin da na zaci na binne tuntuni. Mahaifiyarku, wadda za ta tsaya mini shaida, ta riga mu gidan gaskiya, ni kuma gwiwoyina sun fara ba ni labari. Don haka ku karanta, ke Salamatu da ƙannenki, ku ji yadda aka yi daga bakin wanda hannunsa ya shiga cikin injin.

A farkon shekarun dubu biyu ina da ɗan gareji a ƙarƙashin gadar jirgin ƙasa a Manchester. Aikin na taho da shi daga Kumasi, inda na koya tun ina cin duka da sifana, amma da na zo nan na tarar motoci sun sami kwamfuta, sai na sake zama ɗan koyo da furfura a gemu. Mu 'yan Zangon Kumasi da ke garin muna da ƙungiya, kuma babban abin alfaharin ƙungiyar nan shi ne wata farar bas da aka cire wa kujerun baya. Da ita ake ɗaukar gawa, da ita ake kwaso tukwanen biki, da ita ake tarbo alhazai. Makullinta kuwa yana aljihun shugabanmu, Alhaji Mumuni, mai shagon doya da manja. Ba zan ci zalinsa ba, mutum ne mai hidimar jama'a, da yawa daga cikinmu a ɗakinsa suka fara kwana da suka sauka ƙasar nan. Amma Allah ya yi shi da wani hali: abin da bai sani ba, a wurinsa babu shi.

Wata safiya ya kawo mini bas ɗin, ya fito yana kaɗa makulli.

"Seidu, fitilar nan ta injin ta dame ni. Na kai an sa mata machine, an ce sensor ce. Ka canja mini ita yanzu, ina da delivery."

Na ce, "Alhaji, bar mini ita ta kwana. Ina so in ji muryarta da sanyin safiya."

Ya ce, "Mota ce ko mai wa'azi?"

Bari in yi muku bayanin abin, don in ba ku gane shi ba, ba za ku gane fushina ba. A cikin injin akwai ƙarafa biyu masu juyawa. Na ƙasa shi ne kiransha, shi fistin ke juyawa suna hawa suna sauka. Na sama shi ne kamshaf, shi ke buɗe bawul yana rufewa. Sarƙa ce ta ɗaure su, don kowane ya san lokacin ɗan'uwansa, abin da muke kira taimin. Kun taɓa ganin mata biyu suna lugude a turmi ɗaya lokacin da na kai ku Kumasi: taɓaryar wannan na sauka, ta waccan na tashi. In ɗaya ta saɓa, taɓare su gwabzu. To haka fistin da bawul suke, wuri ɗaya suke shiga, lokaci ne kawai ya raba su. Kowane ƙarfe yana da sensa a gefensa tana gaya wa kwamfuta inda yake. In kwamfuta ta ji labarin biyun bai zo ɗaya ba, sai ta kunna fitila ta ce na sama da na ƙasa sun saɓa. Da yake sunan sensa yana fitowa a na'urar binciken da Alhaji ke kira machine, malalacin bakanike sai ya cire sensa ya sa sabuwa, alhali baiwar Allah gaskiya ta faɗa.

Washegari na tayar da ita a sanyi. Kafin baƙin mai ya hau, sai da ta yi wani ƙarar-ƙarar daga gaba, kamar ana jan sarƙar kare a kan kwano, sannan ta yi shiru. Na zaro sandar awon mai, na ga abin da ya fito ya fi kama da kwalta. Ashe tun da aka sayi motar ba a taɓa juye man ba, in ya ragu sai Alhaji ya ƙara wani a kai, yana cewa ai mai mai ne. Duk da haka ban yanke hukunci ba. Na gwada sensa biyun da wayoyinsu, lafiyarsu ƙalau. Na haɗa na'urar da ke zana bugun kowace a allo, na ga zanen na sama yana zuwa a makare, kullum a makare, kuma makarar ba ta canjawa. Sannan na cire murfin sama, na juya injin da hannu har alamar ƙasa ta zauna daidai inda masu ƙera ta suka ce ta zauna, na leƙa ta sama. Ta goce. Abin da ke danne sarƙar don ta yi tauri ya fito har ƙarshensa, ba shi da sauran abin bayarwa, na sa yatsa na ɗaga sarƙar ta taso daga haƙoran. Na mayar da murfin yadda na same shi, ban kwance ko ƙusa ɗaya ta taimin ba. Ku riƙe wannan, don a kansa aka yi mini ƙarya.

Da Alhaji ya zo na ce masa, "Sensa ba ta da laifi. Sarƙa ce ta miƙe. Motar nan kada ta hau motorway sai an canja ta. In ta tsallake haƙori, fistin zai daki bawul, injin ya tashi aiki a inda yake."

Ya sha mur. "Machine ta ce sensor, kai ka ce sarƙa. Kai ka fi machine ɗin Bature sani?"

"Alhaji, machine ɗin cewa ta yi sun saɓa. Ba ta ce wa ya jawo ba."

"Kwana nawa aikin?"

Na ce sai an sauke gaban injin, zai ɗauki 'yan kwanaki, kuma aikin hannuna sadaka ne tunda motar gawa ce, kayan kawai za a saya. Ya karɓi makullinsa ya ce zai yi shawara da committee. Shawarar da ya yi ita ce ya kai ta wani wuri aka sa sabbin sensa biyu, aka goge laifin daga kwamfuta, fitila ta mutu na ɗan lokaci. Ranar Juma'a a bakin masallaci ya dafa kafaɗata a gaban mutane yana dariya, ya ce ga Seidu da ya so ya yi wa mota tiyata a kan ciwon kai. Aka yi dariya, ni ma na yi yaƙe, don ba a mayar wa babba magana a bakin masallaci.

A cikin wannan shekarar kakanku, Baba Fuseini, ya taso daga Birmingham ya dawo wurinmu saboda jikinsa ya ƙi. Mahaifiyarku Memuna ita ce 'yarsa mace tilo, ita ta yi jinyarsa a ɗakin da ke ƙasa, inda yake jin motsin kowa. Mutum ne marar hayaniya, ko ruwa zai nema sai ya ba da haƙuri. Abu ɗaya ya roƙa, kuma ya roƙe shi a gabana da gaban babban ɗansa, kawunku Issaka: in ta Allah ta kasance, a mayar da shi maƙabartar Handsworth da ke Birmingham a sa shi kusa da kakarku, kuma kada a bar shi ya kwana a firjin asibiti kamar kifi. Haka ya faɗa, har muka yi dariya. Ya rasu daren Alhamis. Kawunku ya yi ta fama da waya da takardu, Allah ya taimaka aka ba mu lokaci a maƙabarta ranar Juma'a da rana, aka kuma gaya mana in mun wuce lokacin, ma'aikata za su tashi, sai bayan ƙarshen mako.

Da safe na fito na ga farar bas a ƙofar gidana, Alhaji a sitiyari. Na ja kawunku gefe.

"Yaya Issaka, kada a sa Baba a motar nan. Masallacin 'yan Pakistan suna da tasu, na san mai tuƙa ta, yanzu zan kira shi."

Alhaji ya ji. Ya sauko, ya ɗaga murya yadda duk masu zaman makoki za su ji.

"Mu da motarmu, mu je aron ta wasu? A ce 'yan Zango sun kasa ɗaukar gawarsu? Seidu, ka ji kunya mana. Fitilar da kake magana ta mutu tuntuni, na gyara."

Na ce, "A ba ni makullin in tayar da ita in ji."

Wani dattijo ya ce, "Haba, suruki. Yau ranar gwajin mota ce?"

Ku da aka haifa a nan ba za ku san nauyin kalmar nan ba. A wurinmu suruki ba shi da baki a gidan makoki. Aikinsa ya shimfiɗa tabarma, ya kawo ruwa, ya sa kafaɗa a makara, ya sunkuyar da kai. Gawa ta 'ya'ya ce da dattawa. Na faɗa sau biyu a gaban shaidu, na uku kuma kawunku ya riƙe hannuna, idonsa jajir, ya ce don Allah in bari, lokaci na tafiya. Da hannuna na taimaka aka sa Baba a ciki. Na bi su a baya da motata, mahaifiyarku a gefena tana jan carbi, ni kuwa kunnena yana kan salansar da ke gabana.

Mun yi nisa a babbar hanya, an wuce rabi, ana yayyafi. Sai na ga bas ta yi tari, hayaƙi ya fito, ta fara rage gudu tana gangarawa gefe. Na tsaya a bayanta na fito da gudu. Manyan motoci suna wucewa suna watsa mana ruwa, ƙasa na girgiza. Alhaji yana ta murza makulli, injin na juyawa fayau, da sauri, babu nauyi. Duk bakanike ya san wannan sautin, kuma ba ya son jin sa: bawul sun lanƙwashe, babu sauran matsi a ciki. Na ce ya matsa. Wannan karon ya matsa. Na kashe, na sake murza makullin rabi, inda duk fitilun gaban direba ke kamawa tare don a san suna da rai. Ta mai ta kama, ta batir ta kama, ta birki ta kama. Ta injin babu ita. A daidai wurinta akwai wata 'yar sitika mai addu'ar hawa mota, irin wadda alhazai ke rabawa tsaraba. Na sa farce na ɗaga gefenta. Ga fitilar nan a ƙasa, ruwan ɗorawa, tana ci abinta.

Na juya na dubi Alhaji. Kawunku yana tsaye a bakin ƙofa, shi ma ya gani.

Alhaji ya ce, "Tana shiga mini ido in ina tuƙi."

Wallahi har yau in na tuna maganar nan sai raina ya ɓaci. Fitilar ta dawo bayan an canja sensa, kamar yadda na san za ta dawo, shi kuma maimakon ya zo ya ce Seidu duba, sai ya ɗauki sunan Allah ya liƙe bakin abin da ke yi masa gargaɗi. Addu'a ba ta yi laifi ba. An yi ta ne don mutum ya roƙi tsari bayan ya yi abin da ke wuyansa, ba don a mayar da ita filasta ba.

'Yan sanda suka zo, da suka ji abin da ke cikin motar suka cire hula, suka yi mana kirki iyakar iyawarsu. Mai jan mota ya zo ya ce dokar aikinsa ba ta bar shi ya ja mota da gawa a ciki ba. Aka shiga neman motar da za ta zo daga Birmingham. Duk tsawon wannan lokaci mahaifiyarku tana tsaye bayan ƙarfen gefen hanya, ruwa ya jiƙa mayafinta, ta ƙi komawa cikin mota, ta ce ba za ta zauna a fake ubanta yana kan titi ba. Da muka isa an rufe maƙabarta. Baba Fuseini, mutumin da abu ɗaya tak ya roƙa a duniya, ya yi ƙarshen makon nan a firji.

Kafin a yi addu'ar bakwai labari ya riga ya zaga Manchester, kuma ba labarin sitika ba ne. Cewa ake mota lafiyarta lau sai da Seidu ya buɗe ta ya taɓa taimin, don haushin ba a ba shi aiki ba. Borin kunya ne, kowa ya san daga shagon da ya fito. Na sa aka jawo bas ɗin garejina, na sauke gabanta, na ciro sarƙar. Ranar addu'ar arba'in, bayan an ci abinci, dattawa suka kira ni ɗakin liman. Na shiga da leda a hannu. Liman mutum ne mai taushin murya, ya yi doguwar nasiha a kan zumunci da zaman baƙunta, sannan ya zo kan magana.

"Seidu, kai yaro ne a kan Alhaji. Ka ce kuskure aka samu a wajen aiki, a yafe maka, magana ta mutu. In aka ce laifin shugaba ne, ƙungiya za ta watse. Ka rufa mana asiri."

Na ce, "Malam, ni kuma nawa asirin wa zai rufa? Da sunan nan nake ciyar da 'ya'yana."

Na buɗe ledar, na shimfiɗa tsohuwar sarƙa a kan kafet, na shimfiɗa sabuwa a gefenta, kai da kai. Tsohuwar ta zarce. Ba sai bakanike ba, makaho ma in ya shafa zai ji. Na ce su duba. Na ce Yaya Issaka ya faɗi abin da ya gani a gaban direba. Kawunku ya sunkuyar da kai yana wasa da carbi, don a ɗakin Alhaji ya fara kwana a ƙasar nan. Ɗaya ya dubi silin, ɗaya ya dubi agogo. Sai wani ya ce baƙin mai zai ɓata kafet, ya jawo jarida ya rufe sarƙoƙin biyu. Dattawa cike da ɗaki, ba wanda ya duba. Na tattara kayana na ce ban yi ba, kuma ba zan ce na yi ba, ko za a kore ni daga garin. Liman ya ce Allah ya shirye ni.

Ba su kore ni ba, sun dai daina ganina. Masu tasi da ke cika ƙofar garejina suka koma wani wuri ɗaya bayan ɗaya. In na yi sallama a masallaci sai a amsa a ciki-ciki. Matan ƙungiya suka daina kawo wa mahaifiyarku ɗinki, aka yi suna a maƙwabta ba a gaya mata ba. Duk wannan na iya ɗauka. Abin da ya hana ni sukuni shi ne shirunta. Tun ranar titi ba ta ce mini kai ne ba, ba ta ce ba kai ba ne. Tana dafa abinci, tana shirya ku makaranta, tana amsa mini da to. Ubanta ne, wanta ya yi shiru, duk ƙawayenta suna faɗar abu ɗaya. Na kasa tambayarta, don ina tsoron abin da zan ji.

Wata ranar Asabar ina zaune a gareji babu ko mota ɗaya, sai ga ta da mayafi, tef ɗin awonta na ɗinki a wuya. Ba ta taɓa taka wurin ba.

Ta ce, "Baban Salamatu, nuna mini abin da ka nuna musu."

Na shimfiɗa sarƙoƙin a kan benci. Ta ja tef ta auna sabuwar, ta auna tsohuwar, ta sake aunawa kamar yadda take yi wa yadin da take zargin an cuce ta. Ta ce in gaya mata yadda abin yake aiki. Na gaya mata na sama da na ƙasa, da lugude, da fitila. Ta tambaya ko buɗe murfi na iya miƙar da ƙarfe. Na ce shekaru ne da dattin mai suke miƙar da shi. Ta shiga naɗe tef ɗin a yatsa, hawaye na zuba, ba ta share ba.

Ta ce, "Da ka ce kai ne, da ban ƙara cin abinci kwano ɗaya da kai ba. Ba a yi wa Baba ƙarya a kan gawarsa. Mu koma Birmingham, kusa da shi."

Haka muka baro Manchester, garin da na yi ƙuruciyar aurena, muka sauka a wani ƙuntataccen gida a Small Heath. Na koma yi wa wani aiki a garejinsa, ni da nake da nawa. Ku kuka canja makaranta kuna kuka, kuna tambaya me ya sa, muka ce muku don iska ta fi kyau. Kawunku yana gari ɗaya da mu, amma sai da aka yi shekaru kafin ya iya haɗa ido da ni, kuma har ya koma ga Allah bai faɗi abin da ya gani ba. Alhaji Mumuni ma ya rasu. Na yi masa addu'a, don Musulmi ne kuma ya yi wa mutane alheri. Amma ban janye ko kalma ɗaya ba, kuma duk tsohuwar da ta sake tare ɗayanku a wajen biki, ku ce mata ta zo ta same ni.

Sauran kun gani da idonku, sai dai ba ku san dalili ba. Ranar da za a kai mahaifiyarku Handsworth, kun tuna na tsayar da mutane a ƙofar gida, makara a kafaɗa, na ce direba ya sauko ya ba ni makulli. Tafiyar ba ta da nisa, motar kuma sabuwa ce. Na ji ana gunaguni a bayana, wani yana cewa tsohon nan ya fara, ke ma Salamatu kika ja rigata kina cewa Baba, please. Na shiga na zauna. Na murza makullin rabi, na ga fitilu sun kama gaba ɗaya, har da ta injin. Na shafa gilashin da babban yatsa, babu abin da aka liƙa. Na tayar da ita, na kasa kunne, fitilun suka mutu ɗaya bayan ɗaya. Sannan na sauko na ce a sa ta.

A ranar, kafin la'asar, ta kwanta kusa da ubanta.